Daga Yekuwa zuwa Birnin Damagaram: wa ya gina ganuwa, me ya zubar da ita?



A farkon watan Satumba na 2024 tsohon masallacin Birni na Damagaram ya zube. Kusan kowa ya ga hotunan a waya, bango yana tsagewa yana sulalewa har ginin ya kwanta. Daminar shekarar ta yi ɓarna a Nijar gaba ɗaya, an rasa ɗaruruwan rayuka, gidaje kuwa ba a magana. Mutane da dama sun ce ikon Allah ne, kuma haka ɗin ne. Sai dai masallacin nan tun tsakiyar ƙarni na 19 yake tsaye, ya ga damina fiye da 170, a ciki har da masu ƙarfi. Akwai abin da ya riƙe irin waɗannan gine-gine tsawon wannan lokaci, kuma abin nan yana kuɓuce mana. A kansa nake son mu ɗan zanta, don fadar Sarki da tsofaffin gidajen Birni da suka rage da irin ƙasar masallacin aka yi su.

Sarautar Damagaram daga Barno ta samo tushe. Wajen 1731 wani malami da ya fito daga can ya kafa gidan, kuma shekaru da yawa sarakunan suna zaune a ƙananan garuruwa suna kai gaisuwa Barno. Sai a farkon ƙarni na 19 Sarki Sulaiman ya mai da Zinder mazaunin sarauta. Wanda ya san garin ya san dalili. Manyan duwatsun nan da ke cikin Birni kariya ce tun ba a aza tubali ko ɗaya ba. Ga shi kuma garin yana bakin hanya: ayarin da ya taso daga Tarabulus ya ratso Gat da Azbin, nan yake sauke kaya kafin ya wuce Kano ko ya karkata Kukawa. Gishirin Bilma yana shigowa, gero da fata da turkuɗi da gashin jimina suna fita. Da bayi. Kada mu tsallake wannan, za mu dawo kansa. Abzinawa da fatake ba sa kwana cikin Birni, a waje suke sauka, shi ne asalin unguwar Zango da muka sani yau.

Turawan farko da suka rubuta labarin garin ta wannan hanya suka zo. Wani Ba'ingile, James Richardson, ya zauna Zinder a farkon 1851, ya tashi zuwa Barno ya rasu a hanya. Heinrich Barth, Bajamushen nan da ya kira kansa Abdul Karim, ya iso ƙarshen 1852 ya yi wajen wata guda. Har gobe ana nuna inda ya sauka a cikin Birni.

Mai ganuwa dai Tanimun ne, ɗan Sulaiman. Sau biyu ya hau sarauta, hawan na biyu ya kai shi tun daga shekarun 1850 har rasuwarsa a 1884. Mu da muka yi lakwal mun haddace sunansa don jarrabawar BEPC, wasunmu sun karanta wasan kwaikwayon da André Salifou ya rubuta a kansa, amma ba kowa ya tsaya ya auna girman abin da ya yi ba. Mutumin nan a cikin Zinder ake zuba masa igwa, maƙeran gari ne ke yi, a nan ake haɗa albarushi. Ya murƙushe ƙananan sarautun da ke kewaye, ya shigar da ƙasashen Sosebaki, wato su Mirya, Washa da Dungas, ƙarƙashin ikonsa, ya kai har Muniyo. Barno ta zama uwa ta suna kawai. A tsakiyar shekarun 1850 ya kewaye Birni da ganuwa. Fernand Foureau, Bafaranshen da ya ratso hamada ya iso Zinder a watan Nuwamba na 1899, ya tarar da ita a tsaye: bango na ƙasa mai tsawo, gindinsa da kauri ƙwarai, da ƙofofi 7. Tsawon ya kai kusan mita 10. Ku kwatanta da bene mai hawa uku, ba siminti, ba ƙarfe, ba kamiyo, kwando da kai kawai.

Akwai labarin da ake ba baƙi, wai an binne Alƙur'anai da ƴan mata da rai a cikin bangon don kada ya ci. Ni dai ina sa shi cikin labaran da kowace tsohuwar ganuwa ke tarawa. Abin da ke cikinsa na gaskiya shi ne tsoron da mutane suka riƙe na zamanin, kuma tsoron yana da dalili.

To, a nan maganar ta iso gidanmu.

A 1805 Malam Isiyaku ya ci Daura da tutar Shehu Usmanu. Sarkin Daura na lokacin, Sarkin Gwari Abdu, ya fito da jama'arsa ya yi arewa. Ya yi ta sauka yana tashi, daga wannan gari zuwa wancan, kuma masu tarihin Daura sun nuna a Yekuwa ya yada zango na ƙarshe, a nan ya rasu. Ɗan'uwansa Lukudi ya gaje shi, daga baya gidan ya kafu a Zango wajen 1825. Baure da Magarya su ma daga wannan tsatso suke. Wani masani, M. G. Smith, ya rubuta littafi guda kan wannan rabuwar, ya fito a 1978. Da Ingilishi suka zo sai suka ɗauko Malam Musa daga Zango suka mai da shi gadon Daura. Ma'ana, gidan da ke sarautar Daura yau ta Yekuwa ya bi kafin ya koma gida. Yara nawa ne a lakwal ɗin garinmu aka taɓa tsayawa aka faɗa musu haka?

Waɗannan gidaje na Daura da suka yi hijira, a inuwar Damagaram suka rayu, kuma inuwar ba kyauta ba ce. Ana kai gandu, ana ba da dakaru in yaƙi ya tashi. Kudancin nan namu, daga Kance zuwa Magarya zuwa Dungas, shi ne rumbun ƙasar, jiya da yau. Ganuwa mai tsawon mita 10 ba mutanen cikin gari kaɗai ke tada ita ba. A biranen Hausa, bayan an kai amfanin gona gida, akan raba bango kashi-kashi, kowane mai sarauta ya kawo mutanensa su yi nasu rabon, bayi kuma suna kan gaba wajen haƙa da ɗauka. Richardson ya rubuta abin da ya gani da idonsa a Zinder, yadda ake fita hari a ƙauyukan da ba su da nisa a komo da mutane a ɗaure. Don haka in muna yabon Tanimun, mu yaba da ido a buɗe. Geron da magina suka ci daga gonakin kudu ya fito, kuma a cikin waɗanda suka ɗauki kwando akwai kakannin mutanen da yau ke cewa Birni na ƴan Zinder ne, ba ruwansu. Ni a wurina wannan ya isa ya sa ɗan Yekuwa ya ji zafin faɗuwar masallacin nan kamar yadda ɗan Birni ya ji.

Abin mamaki, ganuwar ba ta taɓa gwada ƙarfinta da Nasara ba. A ranar 5 ga Mayu 1898 aka kashe kapitan Cazemajou da tafintansa a Zinder, zamanin Sarki Amadu Kuran Daga, jarumin da ya kai yaƙi har kusa da Kano lokacin Sarki Alu. Shekara ta zagayo, ragowar rundunar Voulet da Chanoine, waɗanda suka ƙone garuruwa tun daga yamma, suka iso. A ƙarshen Yuli 1899 aka gwabza a Tirmini, yamma da Zinder, a fili, nesa da bango. Bindigar zamani ta yi rinjaye, Sarki ya fice, Faransawa suka shiga Birni ba tare da sun fasa ko ƙofa ɗaya ba. Bayan ƴan makonni aka kashe Kuran Daga. Suka gina barikinsu kan tudu suka sa masa sunan Cazemajou. Bayan samun ƴancin kai aka juya sunan ya koma na Tanimun, abin da ko marubucin wasan kwaikwayo sai ya yi tunani kafin ya ƙago.

Abin da ya ci ganuwar a hankali ya zo. A 1906 Faransawa suka zargi Sarki Amadu ɗan Basa da shirya tawaye, suka tuɓe shi suka kai shi Kodebuwa, suka bar Ballama yana riƙon gari. Sai 1923 aka mai da cikakkiyar sarauta hannun Barma Mustafa. A tsakanin nan babu wani mai ikon da zai ce a fito gyaran bango a fito, kuma komanda ba ya da bukatar gari mai ganuwa. Wani sashe aka rushe, sauran aka bar wa ruwa da masu ɗibar ƙasa. Ta ɓangaren arziki ma haka. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, kayan da raƙumi ke kwashe watanni yana ja daga Tarabulus suka koma shigowa ta teku. Ayari ya mutu, attajiran Zango irin su Malam Yaro ba su sami magada a wannan sana'a ba. Iyakar da aka shata tsakanin 1906 da 1908 ta raba ƙasar Daura biyu, Zango da Baure can, Magarya da Yekuwa nan. Zinder ta riƙe matsayin babban birnin Nijar daga 1911, amma a 1926 aka kwashe aka kai Yamai, kuma ƙarancin ruwan sha yana cikin dalilan da aka bayar. Ku ji fa: garin da aka guje wa don ƙishirwa, shi ne ruwa ke rusa wa tarihi.

Duk wanda ya tashi a ɗakin ƙasa ya san sirrin, ba sai an kai shi jami'a ba. Ginin ƙasa ba a gama shi. Magini zai kwaɓa ƙasa da ciyawa ya bar ta ta ruɓa kwanaki, ya mulmula tubali, ya jera, ya ɗaura azara ta giginya wadda gara ba ta ci, ya tada bakan gizo a cikin soro, ya fitar da zankwaye a sama. Daga nan sai abin da ke tsare duk wannan wahala, wato yaɓe. Ana jiƙa makuba, ɓawon ɗorawa ke nan, a haɗa da ƙasa a shafe bango da rufi. Masu hali suna sa laso, wanda ake haɗawa da katsin marina. Kowace shekara kafin hadari ya fara haɗuwa a hau soro a toshe tsaga, a share indararo, a gyara gindin bango inda ruwa ke kwanciya. In aka yi haka, gini sai ya ga jikokin jikoki. In aka tsallake shekara biyu ko uku, ruwa ya sami ƙofa, kuma ba ya sallama kafin ya shiga.

Yanzu dubi abin da ya canza. Giginya ta yi wuya, ɗorawa ta ragu a gonaki, marina sun mutu balle a sami katsi. Yaron da ubansa magini ne ya fi son ya koyi aza bulo, kuma ba a ga laifinsa ba, can kuɗin yake. Mu kanmu mun mai da ɗakin ƙasa alamar talauci, mai neman aure ma sai a tambaya ko gidansu na siminti ne. Sannan ga kuskuren da ya fi kowane yawa: a ɗauko siminti a lulluɓe bangon ƙasa da shi, wai an gyara. Siminti ba ya numfashi. Damshin da ya shiga ta ƙasa ko ta tsaga ba ya samun hanyar fita, sai ya yi ta cin bangon daga ciki, waje kuwa sumul, har ranar da zai ɓare gaba ɗaya. A unguwa kamar Birni, inda ƙasa ke kan dutse ruwa ba ya nutsewa da sauri, lungu ya cika da leda, makwarara ta toshe, ruwan pampo da na wanki suna bin gindin bango rani da damina, ko ba a yi ambaliya ba gini yana cikin haɗari.

Ba mu kaɗai ke wannan fama ba. Masu kallon fina-finan Indiya sun sha ganin manyan ganuwoyin dutse kan tudu a tsakiyar rairayi, da fadoji masu tagogi kamar saƙa. Yawancinsu a jihar Rajastan suke. Akwai wani birni can a hamadar Thar, Jaisalmer, wanda wani sarki mai suna Rawal Jaisal ya kafa a 1156. Labarinsa kamar an kwafo namu. Garin ayari ne, raƙuma suka yi masa arziki, attajirai suka gina gidaje na alfarma, a cikin ganuwar akwai fadar sarki da wuraren bautar Hindu da na mabiya addinin Jain, an sassaƙe su da dutse rawaya. Da ciniki ya koma tashar jiragen ruwa ta Bombay, garin ya yi sanyi, kamar yadda jirgin Kano ya yi wa Zinder. Har yau dubban mutane na zaune a cikin ganuwar, kamar Birni. Kuma babban abin da ke barazana gare ta ruwa ne. An gina ta don garin da ake auna ruwa da tulu, sai ga pampo, ga otal-otal na masu yawon buɗe ido, ruwan datti yana tsiyaya cikin tudun, har wasu sassan bango suka rufta. Dutse ke nan fa, ina ga ƙasa.

Bambancin shi ne su sun mai da abin sana'a. A watan Yuni na 2013, a zama ɗaya da aka yi a Phnom Penh, UNESCO ta sa ganuwoyi 6 na Rajastan, har da Jaisalmer, cikin kayan tarihin duniya, ta kuma sa tsohon garin Agadas da hasumiyarsa mai mita 27 da fadar Sarkin Azbin. Birnin Zinder da fadarsa kuwa tun 2006 suke cikin jerin jira na ƙasarmu, suna nan inda aka ajiye su. Ban ce shiga jerin UNESCO magani ba ne, takarda ba ta toshe tsaga. Amma shekarun da aka kwashe ana jira sun nuna inda muka ajiye abin a zuciyarmu.

Misalin da ya fi kama hankalina ba na Indiya ba ne, na kusa ne. A Jenne ta Mali, kowace shekara gari gaba ɗaya ke fitowa yaɓen babban masallaci, samari na gasar kawo ƙasa, mata na kawo ruwa, tsofaffin magina na zaune suna duba aiki. Sun mai da wahala biki, shi ya sa ba a rasa hannu. Hasumiyar Agadas ma, itatuwan nan da suka fito a jikinta ba ado kaɗai ba ne, matakala ce ta masu hawa gyara, an gina ta ne da sanin za a yi ta komowa. A Yama ta jihar Tawa, wani magini manomi, Falke Barmu, ya fara masallacin ƙasa a 1962 da taimakon mutanen gari, ya yi ta ƙara masa har ya ci kyautar Aga Khan ta gine-gine a 1986. Wannan a zamanin iyayenmu aka yi, ba zamanin Tanimun ba. Ashe hannun bai mutu ba tukuna.

Ganuwar Tanimun da tilas aka tada ta, da tilas ake gyara ta, ranar da tilas ya kau ta fara zubewa, kuma babu mai hankalin da zai so a dawo da wancan zamani don bango ya tsaya. Abin da ya rage mana shi ne gayya, wadda mun san ta a gona da haƙar rijiya. Damagaram gari ne da ya iya tara jama'a: a dubi hawan salla a ƙofar fada, dogarai da ja da kore, kakaki da algaita, a dubi hawan ƙaho da wasan kara. Garin da ke iya wannan ba zai gaza ware rana ɗaya a watan Afrilu ko Mayu ba, Sarkin Magina a gaba, samarin fada-fada na unguwanni a baya, a bi lungun Birni ana share makwarara ana toshe tsaga. Meri ta kawo amalanke da kwashe shara, ƴan kasuwa su sayi makuba da azara, ƴan'uwa na waje su aiko da abin da ya sawwaƙa kamar yadda suke aikowa in ana ginin masallacin unguwa. Kuma a hana shafa siminti a tsohon bango sai da izinin magina.

Mu na kudu kuma namu aikin ya fi sauƙi, ya kuma fi gaggawa, don namu tarihin ba a bango yake ba, a bakin tsofaffi yake. Kowa na da waya mai ɗaukar murya. Wanda ke da kaka ko kakan da ya haura 80 a Yekuwa, Magarya, Dungas, Washa ko Bande, ya zauna da shi bayan la'asar ya tambaye shi: ina tsohuwar ganuwar garin nan ta bi, ina ƙofofinta suke, wane kufai ne aka tashi daga cikinsa, me ya ji daga nasa kakannin game da zaman Sarkin Gwari Abdu, wane gida ne na magina, su wa aka kai aikin Birni. A ɗauka, a rubuta sunan garin da ranar, a ajiye kofi biyu. Waɗanda suka aiko mana za mu sa su a shirin tarihi ɗaya bayan ɗaya da yardar masu maganar, kuma da tsofaffin magina za mu fara, kafin damina ta sauka.